Abokiyar Ɗorin Sarki

An ce wani sarki, a wani gari da ke tsakanin koguna biyu, ya zame a matakalar soronsa ranar da aka yi ruwan shuka, ƙwaurinsa na hagu ya karye. Ya hau ne don ya kalli hadari, ya sauko da jiƙaƙƙen takalmi. Shekararsa ashirin da biyu kan gadon mulki, ya je yaƙi sau uku ya dawo ko ƙwarzane babu, sai ga matakala mai hawa tara ta kayar da shi.

A ƙasar nan akwai wata al'ada da ta girmi gidan sarautar kansa. Duk shekara, idan gero ya nuna, sarki zai fito daga ƙofar fada a ƙasa, ba doki, ba sanda, ba dafa kafaɗar kowa, ya taka har babban rumbun gari da ke bakin kasuwa, ya jefa damin farko da hannunsa. Taku ɗari huɗu ne da 'yan kai. Sarkin da ya kasa, dattawa masu naɗi za su karɓi sandar mulki daga hannunsa kafin rana ta faɗi, cikin ladabi, shi kuma ba shi da ta cewa. Tsakanin ruwan shuka da nunar gero kuwa wata uku ne.

Saboda haka aka ɓoye maganar. Aka sanar wa gari cewa sarki ya shiga halwa, Waziri zai riƙa zaman fada. Ban da wata tsohuwar jakadiya mai kai abinci, wadda ta kurumce tun da daɗewa, mutum biyu kaɗai ke shiga ɗakin: Waziri da Sarkin Ɗori.

Su ma maɗoran ƙasar suna da tasu al'adar. Idan za su ɗora ƙashin mutum, sai su kama kaza su karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, su ɗaure su rana ɗaya da magani ɗaya. Suna kiran kazar abokiyar ɗori. Sun gaskata cewa ita ke jan ciwon, kuma ranar da ta taka, ranar mai jinya zai taka.

Sarkin Ɗori ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, kaza abin yanka ce, ba ta kai ta yi abota da ƙafar sarki ba. Kuma kowace kaza da mai ita, idan aka kama za a yi cigiya, daga cigiya sai zance. Amma akwai kyanwoyin kasuwa. Kyanwa ko daga soro ta faɗo da ƙafarta take dira, ga shi kuma ba wanda zai tambayi inda ta shiga."

Sarki yana cikin azaba, ya dai gyaɗa kai. Aka kawo wata kyanwa cikin buhu aka nuna masa: mai launin toka, da farin ƙirji, kunnenta ɗaya a tsage. Ta dube shi ya dube ta. Aka fita da ita, kuma da yake bangon fada mai kauri ne, bai ji komai ba.

Daga ranar, kowace safiya sai ya tambaya, "Yaya abokiyar ɗorina?"

Sarkin Ɗori ya ce, "Kamar yadda kake take, ya sarki."

Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙafa ba ta yi sauƙi ba. Sarki mutum ne da ya saba a kawo masa labarin komai a kan lokaci, don haka ran kwana tara ya sa aka kwance ɗorin don ya gani da idonsa. Aka sake ɗaurewa, aka matse fiye da da, tafin ƙafar ya kumbura. Aka kwance. Aka gwada wani ganye da ake dafawa a manna da zafinsa, fata ta saɓule. Aka gwada rataya dutse don a ja ƙashin. Daga baya aka kawo wuta aka yi masa sakiya wuri uku. Kowane magani sai an kwance an sake sabon ɗauri, kuma kowane da irin kyakkyawan albishir da ke zuwa tare da shi.

Zazzaɓi kan zo masa bayan azahar. A lokacin ne, idan hasken taga ya kwanta a kan shimfiɗa kuma ruwa na ɗiga daga indararo, yakan yi wani irin barci marar nauyi, ya ga kansa yana tafiya a kan rufin gidajen garin, daga soro zuwa soro, ba ya jin nauyin jikinsa ko kaɗan. Yakan ga matan da ke shanya tsaba, da tukwanen da ke tafasa, da 'yan kurciyoyi a kan zanko. Kullum kyanwar nan mai launin toka tana gabansa da ɗan nisa, tana waiwaye kamar mai nuna hanya. Idan ya farka sai ya ji sanyi a ransa, yana cewa ashe akwai wata halitta a gidan nan da ta san abin da yake ji. Har ya sa aka riƙa kai mata nono daga nasa ƙoƙon.

Ran kwana arba'in da biyar, Waziri ya shigo da hantsi, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Ya sarki, wani tsoho ya tsaya a ƙofar fada ya bar saƙo wurin dogarai. Ya ce a gaya wa masu jinyar sarki su daina sa wa ƙafar hagu wuta, su kuma daina kwance ta. Dogarai sun ɗauka taɓaɓɓe ne, na dai sa an tsare shi."

Sarki ya ƙura wa Waziri ido. Sa'an nan ya ce, "Jakadiya ba ta ji, ba ta kuma fita. Sarkin Ɗori idan ya tona, kansa ya tona. Saura wa, Waziri?"

"Saura ni, ya sarki."

"Shekara nawa muna tare?"

"Ashirin da biyu. Idan aka samu bakina a ciki, rawanina da abin da ke ƙarƙashinsa na sarki ne. Amma a fara jin tsohon."

Aka shigo da shi ta ƙofar mata. Siriri ne, rigarsa saƙi mai faci, duk ta kama gashi fari da baƙi da ja. Damatsansa cike da tabon yagushi, tsoho da sabo. Da ya kai hannu ƙasa yana gaisuwa, sarki ya lura yatsunsa shida ne a kowane hannu. Sunansa Cindo.

Sarki ya ce, "Tsoho, wa ya gaya maka abin da ke ƙarƙashin wannan mayafi?"

"Shaidu, ya sarki."

"Su nawa ne?"

"Goma sha tara suka zo mini. Biyar sun rasu, sha huɗu suna nan."

Sarki ya yi lissafi a ransa. Mutum goma sha tara da sirri ɗaya, ai gari ne ke nan. Ya ce, "Mutanen fada ne?"

"Daga fada suka fito, amma ba a haife su a nan ba, ba su kuma nemi shigowa ba."

"Sun ga ƙafata?"

"Ba su gan ta ba, ya sarki. Amma sun ce ta karye ƙasa da gwiwa da faɗin yatsa huɗu, washegarin ruwan shuka aka ɗora ta. Sun ce ran kwana tara an matse ta har ta kumbura. Sun ce an dafa ganye an manna, an rataya mata dutse, kuma makon da ya wuce an sa mata ƙarfe mai zafi wuri uku, biyu ta waje, ɗaya ta ciki."

Sarkin Ɗori, da ke tsaye bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Me aka ba su suka faɗa?"

"Ni na ba su romo da nono. Amma sun riga sun faɗa kafin su sha."

"A kawo mini su."

"Ba sa iya tafiya, ya sarki."

"Ni ma ba na iyawa."

Cindo ya ce, "Kai kana da masu ɗaukarka."

Bayan azahar, lokacin da gari ke kwance, aka lulluɓe sarki da bargon fatake aka ɗora shi a kan jaki, ƙafar a miƙe kan wani katako. Cindo na gaba zai kai su gidansa, Waziri na jan akala, Sarkin Ɗori na biye da buhunsa. Suka fita ta ƙaramar ƙofar da ake fitar da shara, suka bi gindin katanga. Sarki ya san fuskar fadarsa sarai, da zanen da ke jikin ƙofarta da farar ƙasar da ake shafa mata duk shekara. Bayanta kuwa bai taɓa gani ba. Ruwa ya zaizaye ta, tumfafiya ta tsiro a jikinta, ga juji ya taru har ya kai rabin tsawonta. Can gaba kaɗan, kusa da wani tsohon rami da magina tukwane suka daina haƙa, akwai wani gida mai dangar kara.

Da suka shiga, sarki ya ɗauka zazzaɓinsa ne ya dawo. Tsakar gidan a share take tas, inuwar wani durumi ta rufe ta. A ƙarƙashinsa an jera randuna da tuluna fasassu, waɗanda magina suka zubar, kowanne an kwantar da shi a gefe an tokare da duwatsu, an rufe rabin bakinsa da faifai. Cikin duhun kowace randa akwai idanu biyu, wasu koraye, wasu kamar zuma. Babu kuka, babu motsi. Iskar wurin na ƙanshin man kaɗanya da hayaƙin itace. A kan danga wata kyanwa na zaune, shuɗiya tun daga kunne har wutsiya.

Cindo ya ga inda sarki ke kallo, ya ce, "Ramin marina ta faɗa, ya sarki. Kwana biyu ta yi a ramin kafin a ji ta. Ta warke, launin ne dai bai gama fita ba."

Aka sauke sarki a kan tabarma. Cindo ya riƙa nuna masa. Wannan ruwan zafi aka watsa mata a bayan wani ɗakin girki, zuma ya yi ta shafa mata wata biyu. Wannan muzuru ne, tarko ya cinye masa yatsu. Wancan an jefe shi da dutse ido ya mutu. Ya ce yakan zagaya gari da sassafe da kwando, ya duba magudanan ruwa da bayan rumfunan mahauta, gama kyanwa idan ta ji ciwo ɓuya take yi, sai wanda ya san wuraren ɓuyarta.

Sarki ya ce, "Don me kake sa su a randa?"

"Ƙashi yana son ƙunci da duhu da shiru, ya sarki. Idan na ɗora, na ɗaure da tsagin gora da tsumma, ba na sake kwancewa. Ta saman tsumman nake taɓawa, sau ɗaya a yini, in ji ko akwai zafi. Wanda ke yawan buɗewa ya ga ko ya kama, shi ke hana shi kamawa."

"Yaya kake sanin wadda za ta rayu?"

"Ba daga ci ba, gama wata takan ci ta mutu. Ranar da na ga ta lashi hannu ta goge fuska, ranar nake sanin ta yanke shawarar zama."

Sa'an nan ya kai su ƙarshen tsakar gida, inda wasu randuna ke jere daban. Ya ɗaga faifan farko, da na biyu, da na uku, har sha uku. Kowace kyanwa ƙafarta ta baya ta hagu a ɗaure take, wuri ɗaya, ƙasa da gwiwa. Ta wannan tafin ya kumbura har ya tsage. Ta wannan fata ta saɓule, sabuwa tana fitowa ja. Uku na ƙarshe kuwa kowace da ƙuna wuri uku, biyu ta waje, ɗaya ta ciki.

Cindo ya ce, "Ga shaidun, ya sarki. Kan juji nake tsintarsu, ta kan katanga ake jefo su. Da ta farko ta zo, na ce tsautsayi ne. Da ta uku ta zo da karaya iri ɗaya, na san hannun maɗori ne, gama ni ɗan maɗori ne. Na kuma san ba a yi wa talaka abokiyar ɗori sau uku. Da aka ce sarki na halwa, sai na daina tambayar kaina."

Sarki ya bi su da kallo daga farko har ƙarshe. Kwanakinsa arba'in da biyar ne jere a gabansa, kowanne da idanu. Ya juya wajen Sarkin Ɗori.

Sarkin Ɗori ya faɗi ya ce, "Ƙa'idar sana'a ce, ya sarki, haka muka gada. Sabon magani sai da sabuwar abokiya, tsohuwar kuma ba a barinta a gidan mai jinya. Wani maganin sai da muka gwada shi a kan biyu ko uku."

"Kowace safiya ina tambayarka."

"Kana tambaya, ya sarki, ina kuma amsa abin da ka tambaya. Ba ka taɓa cewa a kawo ta ka gani ba."

Sarki ya tuna ya sa an kwance ƙafarsa sau da yawa don ya gani da idonsa, amma ita nono kawai ya riƙa aika mata. Ya ce, a hankali, "Akwai wata mai launin toka."

Cindo ya nuna reshen durumi. Tana can kwance, farin ƙirjinta a waje, kunnen nan a tsage. Ya ce, "Ita ce ta sha huɗu. Ta warke, da ɗingishi. Amma har yau ba ta yarda hannu ya taɓa ta, ko nawa. Sai in ajiye ƙoƙo in ba da baya."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Na zarge ka." Waziri ya ce, "Ka yi ciwo ne, ya sarki."

Daga nan sarki ya yaye mayafi ya ce wa tsohon, "Duba."

Cindo ya wanke hannu, ya rufe ido, ya bi ƙwaurin da yatsunsa goma sha biyu, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Ya daɗe. Ya ce, "Ya kama, amma a karkace. Idan aka bar shi haka ba zai ɗauke ka taku goma ba. Sai an sake karya shi an daidaita, sa'an nan kwana arba'in ba motsi, ba leƙe."

"Kwana arba'in da biyar suka rage."

"Biyar ɗin na koyon tafiya ne. Kuma ban ce za ka warke ba, ya sarki. Ka ji da bakina, biyar daga cikin waɗannan a hannuna suka mutu."

Sarkin Ɗori ya matso da buhunsa. Ya ce, "Idan za a sake karyawa, ya sarki, kada a yi ba abokiya. Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba. Ta ƙarshe ce, daga ita ba ƙari. Sarauta ce fa a kan wannan ƙafa."

Sarki ɗan ƙasar ne, a cikin wannan al'ada ya buɗe ido, ya ga mutanen da suka taka ranar da kazarsu ta taka. Ya yi tunanin taku ɗari huɗun nan, da fuskokin dattawa, da yadda za su miƙo hannu cikin ladabi. Kyanwa ɗaya ce kawai, a kan sha tara da aka riga aka yi. Ya dubi Cindo yana jiran ya hana.

Cindo bai hana ba. Ya karɓi buhun, ya kwance, ya fito da wata 'yar kyanwa ja, ramammiya, ya ajiye ta a cinyar sarki. Ya ɗauko ɗan dutsen niƙa ya sa masa a hannun dama. Ya ce, "Ranar da na isa in gaji ubana, haka ya yi mini, ya ce wanda ba ya iya karyawa da hannunsa kada ya sa wani. Na kasa, shi ya sa kake ganina a bayan juji. Ban san ko al'adar gaskiya ce ba, ya sarki, ni dai ban taɓa yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan abokiyar ɗori ba. Idan ka ga sai an yi, ga wurin, ƙasa da gwiwa kaɗan. Bugu ɗaya ya isa."

'Yar kyanwar ta kwana biyu a buhu. Da ta ji ɗumin jiki da laushin tufa, sai ta tattaka da hannuwanta, ta juya sau ɗaya, ta kwanta. Wani ɗan gurnani mai laushi ya fara fita daga ƙirjinta, har sarki na jin sa a cikin cinyarsa. Ya kama ƙafarta ta hagu tsakanin yatsunsa biyu. Ƙashin bai kai kaurin karan gero ba. Inuwar durumi ta ɗan matsa, wata kurciya ta yi kuka ta yi shiru, idanun da ke cikin randuna duk suna kansa.

Ya ajiye dutsen a ƙasa. Ya ce, "A karya tawa ita kaɗai."

Aka ba shi tsumma ya ciza. Waziri ya riƙe kafaɗunsa, Sarkin Ɗori ya riƙe cinyar, gama har yanzu hannunsa ya fi na kowa ƙarfi. Abin da sarki ya tuna bayan nan shi ne shuɗiyar kyanwa a kan danga, tana girma tana girma har ta zama sararin sama.

Bai koma fada ba. Cindo ya share masa wani ɗan ɗaki da ake ajiye kasake, wanda tsawonsa bai fi tsawon mutum ba. Da sarki ya ga ƙuncinsa sai ya ce, "Randata ke nan?" Cindo ya ce, "Ita ce, ya sarki. Faifai ne kawai ban samu daidai bakinta ba."

Nan ya kwanta kwana arba'in. Ruwa ya yi ta sauka, gero ya yi kai a gonakin da ke bayan rami. Ƙafar ta yi ƙaiƙayi kamar ya yage tsumman, ya roƙa a buɗe masa sau biyu, ya yi umarni sau ɗaya, Cindo ya yi kamar bai ji ba. Da hantsi akan kawo masa ƙoƙuna ya dama nono da ruwa da hannunsa, ya tsittsinka naman da mahauta suka bayar. Ɗaya bayan ɗaya shaidun suka fara fitowa daga randunansu, suna jan ƙafa, suna shiga ɗakinsa neman ɗumi. Wata daga cikin masu ƙunar ba ta fito ba, Cindo ya binne ta a bakin rami, sarki ya ji sarar fartanya daga inda yake kwance.

Waziri kan zo da la'asar da al'amuran gari. Wata rana ya kawo maganar gyaran ganuwa, abin da a da sarki zai amince da shi da gyaɗa kai. Sai ya ce, "A ina za a haƙi ƙasar?" Waziri ya ce a yamma. Sarki ya ce, "Gidan wa ke bakin ramin? Je ka gano da idonka, ka dawo ka gaya mini sunayensu."

Ran kwana talatin da ɗaya, Cindo ya leƙo ya tarar sarki ya jawo buta da kansa, yana wanke fuska yana taje gemu da yatsu. Tsohon ya yi dariya har haƙoransa uku suka bayyana. Ya ce, "To, wannan ma zai zauna."

Mai launin toka dai ba ta taɓa shigowa ba. Kullum sarki kan sa a ajiye ƙoƙonta a bakin ƙofarsa, kullum sai ya juya fuska bango kafin ta sauko.

Ran kwana arba'in aka kwance. Ƙafar ta rame, ta yi fari, amma a miƙe take, sai dai ta gaza 'yar'uwarta tsawo da kaɗan. Ya yi taku uku ranar farko, ya faɗi. Rana ta biyar ya zagaya durumi sau ashirin.

Ranar damin farko gari ya cika hanya tun daga ƙofar fada har kasuwa. Sarki ya fito a ƙasa, hannu wofi. Aka ga yana ɗingishi. Taku ɗari na farko ya yi ta ƙoƙarin ɓoye shi, yana miƙe baya yana jan riga, kuma wannan ƙoƙari ya cinye masa ƙarfi. Wajen taku ɗari uku ya tsaya. Gumi ya rufe masa ido, rumbu na can gaba yana rawa kamar a cikin ruwa. Ya ga babban dattijon masu naɗi ya gyara tsayuwa.

Sai ya hango mai launin toka a kan katangar kasuwa, inda ta saba yawo kafin a kama ta. Ba ta ko dubi taron ba. Tana tafiyarta, ta taka uku da ƙarfi, ta ɗan dangana ta huɗun, ta karkata, ta wuce. Sarki ya saki rigar da yake riƙe da ita. Ya dangana ta hagu, ya karkata a gaban kowa, ya jefa ta dama. Haka ya bi ta, tana sama yana ƙasa, har hannunsa ya taɓa jikin rumbu. Aka miƙa masa dami, ya jefa.

Dattijon ya matso ya ce, "Al'ada ta ce da ƙafarsa, ba ta ce ba ɗingishi ba. Sandarka tana hannunka, ya sarki. Me halwa ta koya maka?"

Sarki ya ɗage riga ya nuna ƙwaurin da tabon wutarsa. Ya ce, "Ban yi halwa ba. Karaya na yi, na ɓoye muku, aka karya wasu sha tara saboda ni, shida suka mutu, ban kuwa sani ba domin ban nemi sani ba. Daga yau ba maɗorin da zai sake karya lafiyayye don mai ciwo, kaza ce ko kyanwa. Ku kuma riƙe wannan daga gare ni: mai mulkin da ke son sanin adalcinsa, ya zagaya ya ga abin da ake jefarwa ta bayan katangarsa."

Ya ɗaga kai. Tana zaune a ƙarshen katangar, daidai inda hannu zai iya kaiwa. Ya miƙa mata hannu a gaban jama'a duka. Ta dube shi kamar yadda ta dube shi ranar farko, ta juya ta dira ta ɗaya gefen.

Washegari da hantsi ya fita ta ƙaramar ƙofar shara, da ƙoƙon nono a hannunsa, yana ɗingishi a gindin katanga. Ya ajiye ƙoƙon a ƙarƙashin durumi, ya koma nesa kaɗan ya zauna, ya juya fuskarsa wajen danga.